Daga Bury zuwa tasha ta 99: yadda jirgin cikin garin Manchester ya girma a kan tsofaffin tashoshi

Duk wanda zai shiga Metrolink, ƙaramin jirgin ƙasa mai bin titunan gari, a dandalin St Peter's Square da ke tsakiyar Manchester, sai ya hau 'yar matakala ko ya bi gangare kafin ya kai inda fasinja ke tsayawa. Dandamalin ya tashi daga ƙasa kusan santimita 90, ya kusa kai wa babban mutum ƙugu, a tsakiyar filin da jama'a ke kai da kawowa da ƙafa. A Nottingham ko Croydon, waɗanda su ma suna da irin wannan ƙaramin jirgin ƙasa da Turawan Ingila ke kira taram, dandamalin kaɗan ya ɗara gefen titi. Manchester ta gaji wannan tsayin ne daga tsofaffin tashoshin jirgin ƙasa, kuma wanda ya gane dalilinsa ya gane rabin labarin yadda tsarin ya tashi daga kilomita 31 a 1992 zuwa kilomita 103 da tashoshi 99 a 2020.

Matsalar da aka gada

Manyan tashoshin jirgin ƙasa biyu na Manchester, Piccadilly a kudu da Victoria a arewa, kamfanoni daban-daban ne suka gina su a shekarun 1840, kowa na jan ruwa zuwa gonarsa. Dukansu a gefen tsakiyar gari suke, kuma a da babu layin da ya ratsa cikin garin ya haɗa su. Wanda ya sauka a Victoria yana son zuwa kudu, sai ya saɓi kayansa ya taka, ko ya nemi bas. Tsohon taram na garin kuwa an kwashe shi tun 1949.

A farkon shekarun 1970 aka fito da magani mai tsada: a haƙa hanya ta ƙarƙashin ƙasa tsakanin tashoshin biyu, aikin da aka yi wa laƙabi da Picc-Vic. An yi zane, an sami amincewar majalisa, amma gwamnatin Landan ta ƙi sakin kuɗi, a 1977 aka haƙura.

Bayan nan ne hukumar sufurin yankin ta dubi abin da ke hannunta. Akwai layukan dogo biyu na unguwannin bayan gari da ke neman gyara: na Bury a arewa, mai tsofaffin taragogi da wani tsarin lantarki da babu irinsa a ko'ina a ƙasar, da na Altrincham a kudu. Shawarar ita ce a karɓe su daga hannun hukumar jirgin ƙasa, a ja musu waya ta sama, a sayo ƙananan taragogi masu iya hawa titi, sannan a shimfiɗa ɗan gajeren layi a kan titunan tsakiyar gari ya ɗinke su. Abin da rami zai yi da kuɗi mai yawa, titi zai yi shi da kaɗan. Aikin ya ci fam miliyan 145. Ranar 6 ga Afrilu 1992 jirgin farko ya tashi daga Bury zuwa Victoria, a watan Yuni aka kai Altrincham, a Yuli Sarauniya Elizabeth ta zo ta buɗe shi a hukumance.

Jama'a sun karɓe shi fiye da yadda aka zata. Layukan biyu a zamanin jirgin ƙasa suna ɗaukar fasinja wajen miliyan 7.5 a shekara. Cikin shekara biyu Metrolink ta haura miliyan 11. Tashoshin su ne dai na da, Prestwich da Sale da Timperley suna nan inda suke. Abu biyu ne suka canza: jirgi na zuwa duk bayan 'yan mintoci ba sai mutum ya duba jadawali ba, kuma yana sauke ka a bakin kasuwa, ba a gefen gari ba.

Kuɗin araha

Araha ba ta ado, in ji masu magana. Tun da yawancin tashoshin farko tsofaffin na jirgin ƙasa ne masu dogon dandamali, kuma rushe su a sake ginawa zai cinye ragin da ake nema, sai aka sayo taragogi 26 daga Italiya masu daɓe a sama daidai da wannan tsayin. A bayan gari komai ya zauna daidai. A tsakiyar gari ne aka rasa yadda za a yi, don ba wanda ke son ganin katanga mai tsawon taragu biyu a tsakiyar titin kasuwa.

Dabarar da aka yi ita ce dandamali mai tudu da gangare. Gabansa a ɗage yake daidai da ƙofofin farko, domin mai keken guragu da mai tura jariri, bayansa kuma ya sauko ƙasa, inda wata 'yar matakala ke fitowa daga jikin taragon idan ƙofa ta buɗe. Ta yi aiki, amma da wahala. Mai keken guragu dole ya san ƙofar da zai shiga tun daga tashar da ya taso, in ba haka ba ya iske kansa a ƙofar da ba ta da wurin sauka. Da aka zo sayen sababbin taragogi masu launin rawaya, samfurin M5000 da suka fara aiki a Disambar 2009, ba su zo da wannan matakalar ba. Sai ɗaya bayan ɗaya aka ɗaga dandamalan tsakiyar gari gaba ɗayansu. Tashar Mosley Street ce ta ƙarshe mai tsohon fasali, kuma da yake titin ya matse, ga shi jirgin da ya tsaya a wurin yana tare na bayansa, a 2013 aka rufe ta ɗungurungum.

A ganina a nan ne nauyin shawarar farko ya fi bayyana. Lokacin da Manchester ta zo faɗaɗa tsarin, sauran garuruwa sun koma taragogi masu daɓe a ƙasa, waɗanda tasharsu ba ta cin wuri kuma ba ta cin kuɗi. Manchester ba ta da halin bin su, sai dai in za ta sake gina duk abin da ta mallaka. Don haka kowace sabuwar tasha, ko a tsakiyar titin Ashton ko a unguwar Wythenshawe, sai an gina mata dogon dandamali da gangaren hawa. Ba na ganin laifin waɗanda suka yanke shawarar. Da sun tsaya sai an ba su kuɗin da ya ishi komai, da wataƙila sun bi sahun Picc-Vic. Amma icen da aka tanƙwara yana ɗanye, haka zai bushe.

Akwai wani gadon da ake gani da ido a tashar Navigation Road, dab da Altrincham. Filin layi biyu ne kawai a wurin, kuma jirgin ƙasa mai zuwa Chester yana buƙatar ɗaya. Sai aka raba: dandamali ɗaya na taram, ɗaya na jirgin ƙasa, kowanne yana kai da kawowa a kan layi guda. Idan taram mai zuwa Altrincham ya shiga wannan yankin, wanda ke fitowa sai ya jira. Ga kuma mashigar motoci da ake rufewa duk lokacin da ɗayansu zai wuce. Jinkirin minti biyu a nan yana iya bin layi har tsakiyar gari.

Tashar da ta riga unguwarta

Faɗaɗawa ta farko ita ce layin Eccles, mai tsawon kilomita 6 da ɗoriya, da aka buɗe kashi biyu a 1999 da 2000. Manufarsa daban take. Layukan farko sun je inda mutane suke. Wannan an ja shi ne ta cikin Salford Quays, tsohuwar tashar jiragen ruwa da ta daina aiki a 1982, domin ya jawo gine-gine da ma'aikata. Layin na lanƙwasa yana zagaya tsofaffin mashigan ruwa, tashoshin kuma kusa da juna, saboda haka tafiyar ba ta sauri. Mutumin Eccles mai son shiga gari kai tsaye bai ga abin da ya ƙaru da shi sosai ba. Sai da BBC ta kwaso wasu sassanta zuwa MediaCityUK, aka ƙara wa layin ɗan reshe a 2010, sannan ya fara cika irin yadda aka yi fata.

Tashoshi biyu na wannan zamanin sun cancanci a tsaya a kansu. Cornbrook, inda layin ya rabu da na Altrincham, an buɗe ta ba ta da ƙofar fita titi ko ɗaya. Wurin sauya jirgi ce kawai, ka sauka daga wannan ka hau wancan, domin babu kowa a kewayen da zai fito ya shiga. Sai a 2005 aka yi mata mashiga. Pomona kuwa an ɗora ta a kan gada a gefen mashigin ruwa, tana kallon fili fetal, ta yi shekaru tana cikin tashoshin da suka fi ƙarancin fasinja. An yi ta mata gori. Amma tun wajen gina ta an bar wurin da wani layi zai ɓalle zuwa yamma, kuma bayan shekara 20 daga nan layin Trafford Park ya tashi. Yanzu benaye sun fara kewaye tashoshin biyu.

Shekarun jira

Babban shirin faɗaɗawa, wanda zai kai jirgin Oldham da Rochdale da Ashton da filin jirgin sama a lokaci guda, ya sami alkawarin kuɗi daga gwamnati a farkon shekarun 2000. An fara sayen filaye, an rushe gidaje a wasu wuraren. Gasar Commonwealth ta 2002 ta zo ta wuce ba taram a filin wasan gabashin gari, wanda daga baya ya zama gidan Manchester City. Farashin da 'yan kwangila ke nema ya yi ta hawa, a Yulin 2004 ministan sufuri Alistair Darling ya tsaya a majalisa ya ce gwamnati ta janye.

Abin da ya biyo baya ya fi komai ba ni sha'awa a labarin nan. Yankin Greater Manchester ƙananan hukumomi 10 ne, jam'iyyunsu ba ɗaya ba, kuma tun 1986 aka rushe majalisar da ke haɗa su. Duk da haka ba su wargaza hukumar sufurinsu ta haɗin gwiwa ba. Suka tashi da murya ɗaya, su da jaridun gari da 'yan kasuwa, har gwamnati ta dawo da alkawarin fam miliyan 520 kafin shekarar ta ƙare. Kuɗin bai isa duka aikin ba, sai aka datsa shi gida biyu, aka fara da abin da za a iya.

Don cike ragowar, aka kai wa jama'a tayi: gwamnati za ta buɗe hanyar samun kusan fam biliyan 3 na sufuri, da sharaɗin a sa wa masu motoci harajin shiga gari a lokutan cunkoso. A ƙuri'ar raba gardama ta Disambar 2008, duk ƙananan hukumomin 10 suka ce ba su yarda ba, kusan mutum 4 cikin 5. Mutane na son jirgin, ba sa son harajin. Wata biyar bayan haka, a Mayun 2009, hukumomin suka kafa asusun kansu na fam biliyan 1.5, daga kason kuɗin sufurin da suke samu, da ɗan ƙari a kan harajin gidaje, da bashin da za a riƙa biya daga kuɗin tikiti. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Daga wannan asusun ne aka sami ƙarasa abin da aka datse.

Oldham: sauko da tasha cikin gari

Tsakanin 2011 da 2014 kusan duk 'yan watanni sai an buɗe wani sabon yanki: Chorlton, Oldham, Shaw, Droylsden, Rochdale, East Didsbury, Ashton, filin jirgin sama. Ba zan bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Na Oldham ne ya fi koyar da darasi.

An rufe tsohon layin dogon Oldham da Rochdale a Oktoban 2009 don a mayar da shi na taram, kamar yadda aka yi wa na Bury. Sai dai tsohuwar tashar Mumps tana can ƙasan tudu, babban titin motoci ya raba ta da kasuwa da ofisoshi. Garin masaƙu ne, kuma layin dogonsa an shimfiɗa shi ne da tunanin auduga da kwal. A Yunin 2012 taram ya iso, ya bi tsohuwar hanyar, ya tsaya a wata tashar wucin gadi. Shekara ɗaya da rabi bayan haka, a Janairun 2014, aka buɗe sabuwar hanya da ta bar layin dogon, ta haura cikin gari ta bi titin Union, da tashoshi a Westwood da King Street da Oldham Central da sabuwar Mumps. Aka kwashe wayoyi da ƙarafunan da aka shimfiɗa a tsohuwar hanyar bayan amfanin wata 19 kacal.

Wani zai ce ɓarna ce a gyara layi a kwashe shi kafin shekara biyu. Gaskiya ne an yi asara, kuma datsa aikin gida biyu ne ya jawo ta. Amma da an bar tashar a ƙasan tudu, da an sake maimaita matsalar Victoria da Piccadilly a ƙaramin gari: jirgi ya kawo ka, sannan ka fara wata tafiyar. Hanyar cikin gari ta ƙara wa mai wucewa zuwa Shaw 'yan mintoci, ta rage wa mai zuwa kwaleji ko kasuwa hawan tudu da tsallaka titi. Haka aka yi a Rochdale a Maris ɗin 2014, aka janyo layin daga tashar jirgin ƙasa ya gangara har tashar bas ta tsakiyar gari.

Gyare-gyare irin wannan sun taɓa tsohon layin Bury ma. An rufe Woodlands Road a 2013, bayan an buɗe Abraham Moss kusa da makaranta da ɗakin karatu, da kuma Queens Road. Mazauna kusa da tsohuwar tashar sun yi ƙorafi, kuma suna da hujja, don su tafiyarsu ƙaruwa ta yi.

Layin filin jirgin sama, mai kilomita 14.5 da tashoshi 15, an buɗe shi ranar 3 ga Nuwamba 2014, fiye da shekara guda kafin wa'adi. Sunansa na ruɗar baƙi. Wanda ya sauka daga jirgin sama yana gaggawar shiga gari, jirgin ƙasa zai kai shi Piccadilly cikin minti 20 ko ƙasa da haka, taram kuwa sai ya ninka wannan fiye da sau biyu. Layin na mutanen Wythenshawe ne, babbar unguwar gidajen gwamnati da ta yi shekaru aru-aru bas kaɗai ta dogara da shi, kuma da yawa daga mazaunanta a filin jirgin suke aiki. Abin da ke min ciwo a nan shi ne reshen da aka tsara zai bi ta babban asibitin Wythenshawe, wanda aka cire don rage kuɗi. Masu jinya da ma'aikatan dare su ne suka fi kowa buƙatar tasha a bakin ƙofa.

Maƙogwaro ɗaya

Rassa sun yi yawa, gangar jiki ɗaya ce. A lokacin, duk jirgin da zai ratsa gari sai ya bi layi guda ta Mosley Street, wanda aka gina don taragogi 26. Shi ya sa da aka buɗe layin filin jirgi, ba a bar jiragensa sun shiga tsakiyar gari ba, a Cornbrook suke juyawa, fasinja ya sauka ya sake hawa wani. Tashar da aka buɗe ba ƙofa ta zama mahaɗar da ta fi kowace muhimmanci.

Maganin shi ne hanya ta biyu mai tsawon kilomita 1.3 kacal, daga St Peter's Square ta titin Cross da titin Corporation zuwa Victoria, a kan fam miliyan 165. Wannan ɗan guntun ya fi layukan bayan gari wahala nesa ba kusa ba. Sai da aka ɗauke hasumiyar tunawa da sojojin yaƙin duniya daga inda take, dutse bayan dutse, aka sake kafa ta a wani gefen dandalin. A titin Cross ma'aikata suka ci karo da tsohuwar makabartar wata majami'a, aka dakata aka kwashe ƙasusuwan sama da mutum 200 aka sake binne su cikin mutunci. Sabuwar tashar Exchange Square tana yankin da bam ɗin IRA, ƙungiyar 'yan tawayen Ireland, ya ragargaza a Yunin 1996. An kammala hanyar a Fabrairun 2017, St Peter's Square ta koma tasha mai gefen tsayawa huɗu, daga baya jiragen filin jirgi suka samu isa Victoria.

Layin Trafford Park, mai tashoshi 6, shi ya cike 99. Yana bi ta Wharfside kusa da filin Manchester United (tashar da ake kira Old Trafford a layin Altrincham ta fi kusa da filin wasan kurket), ya ratsa unguwar masana'antu, ya ƙare a babbar cibiyar kasuwanci ta Trafford Centre. An buɗe shi ranar 22 ga Maris 2020. Washegari aka sanar da kullen korona. Fasinjojin da suka kai miliyan 44.3 a shekarar da ta gabata suka faɗo zuwa miliyan 10.3, kuma tsarin da ke biyan bashi da kuɗin tikiti sai da gwamnati ta tallafe shi. A hankali jama'a suka dawo, zuwa shekarar 2023 da 2024 adadin ya koma wajen miliyan 42.

Inda aka kwana

Metrolink na da taragogi 147 yanzu, kuma tana cikin tsarin Bee Network da Andy Burnham ya haɗa ta da bas-bas a matsayinsa na magajin yankin. Amma ƙananan hukumomi 7 kawai take shiga cikin 10. Mutanen Stockport da Bolton da Wigan sun sa hannu a asusun 2009 kamar kowa, har yau ba su da tasha ko ɗaya. Layin East Didsbury ya tsaya cak a bakin iyakar Stockport tun 2013, sai a Yunin 2025 gwamnati ta sanar da kuɗin da ya haɗa da ƙarasa shi.

Tsofaffin layukan dogon da za a iya karɓa cikin sauƙi sun kusa ƙarewa. Kuma hanya ta biyu ta warware cunkoson tsakiyar gari ne kawai daga St Peter's Square zuwa arewa. Daga Cornbrook zuwa Deansgate-Castlefield, jiragen Altrincham da East Didsbury da filin jirgi da Eccles duk a kan tsohuwar doguwar gada ɗaya suke bi, wadda aka gina don tashar Central da aka rufe tun 1969. Idan wani abu ya lalace a nan, rabin tsarin ya tsaya. Ba a iya haɗa taragu fiye da biyu, don titunan tsakiyar gari da dandamalansu ba za su ɗauka ba. Shi ya sa a tsare-tsarenta na dogon zango hukumar sufurin ta sake ɗauko maganar haƙa hanya ta ƙarƙashin tsakiyar gari, wadda aka ajiye a 1977.